Takin da Ya Sauka a Gonarki

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga uwa, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ina sanar da ke cewa gida kowa lafiya. Baba yana nan da ciwon gwiwarsa, yau da sauƙi gobe babu. Hadiza ta haihu a gidan mijinta a Makoda, mace ce, an mayar da sunanki, suna kiranta Ummi. Awakinki ma suna nan, har da jar nan mai cin hular mutane.

Kin ga na fara kamar mai rubuta wa hakimi takarda. Ki yi haƙuri, Inna, ban san yadda ake yi miki magana kai tsaye ba. Kina da rai ma ban iya ba. Ni ne ɗanki na fari, ke kuma kin riƙe kunyar ɗan fari da gaske, ba irin ta matan yanzu ba. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Idan kina so in ci abinci sai ki ce wa ƙanwata Hadiza, "Ki gaya wa yaron nan tuwo yana hucewa," alhali ina zaune a gabanki. To yau babu Hadiza a tsakaninmu, dole ki saurare ni da kaina.

Labari na kawo miki, kuma har yanzu ban san ko na daɗi ne ba. An ɗauke ni a wata jami'a a ƙasar Indiya, zan karanci ilimin haɗa magunguna. Da tallafi ne, ba sai an sayar da ko kaza ba. Amma shekaru ne, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma ba irin karatun da na yi a Kano ba ne, da nake hawa bas ranar Juma'a da yamma in kwana a gida. Wanda ya tafi can sai ya gama. An ce in ba da amsa kafin damina ta sauka, ko i ko a'a, don akwai masu jira a bayana.

Ina so, Inna. Ba zan ɓoye miki ba. Tun da na fara aiki a kemis ɗin nan na Tsanyawa nake jin haushin kaina. Ina ƙulla wa mutane ƙwaya a leda, na san ta zazzaɓi, na san ta ciwon ciki, amma idan wani ya tambaye ni abin da ke cikinta sai in yi ta kame-kame. Ranar da saƙon ya shigo wayata sai da na zagaya bayan shago na zauna a ƙasa. Murnar ba ta kai magariba ba. Na hau babur zan koma gida, muka bi ta gefen gonarki, na hango gawon nan a tsaye a tsakiyarta.

Gonarki ce matsalar. Idan na tafi, wa zan bar wa?

Na san mutanen birni da za su karanta wannan a wayoyinsu za su yi mini dariya, wai mutum ya samu Indiya ya tsaya maganar wata 'yar gona da za a zagaye kafin koko ya huce. Su yi. Ba su san ƙasarmu ba. Mu nan ba mu da daji. Daga bayan katangar wani sai gonar wani, daga gonar wani sai zauren wani. Ba a barin gona ta zama saura. Ka bar ta damina ɗaya, maƙwabcin gabas ya ɗan shigo da garmarsa wajen huɗa, na yamma ma ya ɗan shigo, masu zuwa kasuwa su fitar da hanya ta tsakiya, kuma kowa zai rantse bai taɓa iyaka ba. Dole wani ya noma ta. Ƙasar kuwa rairayi ce da ta gaji tun zamanin kakanni, idan ba a zuba mata taki ba ko ƙaiƙayi ba za ta ba ka ba. Shi kuma wanda ya zuba takinsa a gonar aro, ke kin fi kowa sani, ba a karɓe ta daga hannunsa sai ya ci takinsa, damina biyu ko uku. Kafin ya gama ci ya ƙara wani.

Haka yayanki Kawu Sale ya yi miki.

Ban ga farkon abin ba, a bakin Baba na ji. Gonar rabonki ce daga gadon mahaifinku. Shekarar da kika haife ni kika yi doguwar jinya, sai Kawu ya ce a ba shi aro na damina ɗaya don kada ta zauna haka. Kika ba shi, ɗan'uwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zuba taki. Da kika miƙe kika nemi abarki, ya ce ki bari ya ci takinsa. Kika bari. Kafin lokacin ya cika, da bazara, jakinsa ya sake yin sawu zuwa gonar. Aka je gaban mai unguwa, mai unguwa ya ce shi bai ga inda aka saɓa al'ada ba.

Babu wanda ya taɓa cewa ba ke ce mai gona ba. Kawu da kansa idan ya tashi magana "gonar ƙanwata" yake cewa. Geron ne dai yake shiga rumbunsa. Na yi rarrafe, na yi tafiya, na shiga firamare, ana nan ana cin taki.

Abin da na gani da idona shi ne yadda kika karɓo ta. Wata shekara Kawu ya tafi cin rani kudu ya yi jinkirin dawowa. Ke kuwa tun kaka kike tara abinki a bayan ɗaki: kashin awaki, tokar murhu, sharar tsakar gida. Ba ki bari an kai ko kwando ɗaya gonar Baba ba, har sai da kuka yi kwanaki kuna gaisuwa sama-sama. Lokacin ba mu da jaki, kuma duk wanda za mu ara a wurinsa zai kai wa dangin Kawu labari. A ka muka kwashe. Ke da kwando, ni da tsohon daro mai huji da yake zubo mini da takin a wuya.

Kin fito da lulluɓi cikin zafin bazara, ke da ko gidan biki ba kya zuwa da rana. Maza suna zaune a zaure suna kallo, ba ki dubi kowa ba. Muka jera tsibi-tsibi daga gindin gawo har gambar da ke iyaka. Da Kawu ya dawo ya tarar, an ce ya daɗe a tsaye a bakin gonar, sannan ya juya. Al'adar da ya riƙe ki da ita, ita ce ta fitar da shi.

Ranar da muka kai na ƙarshe wuyana ya sage, ba na iya waiwaye. Kika dafa ruwa kika gasa mini da tsumma, fuskarki tana kallon bango, kina ta yi wa Hadiza faɗa a kan wani ludayi da ba ita ta fasa ba. Wannan ne kaɗai lokacin da nake tuna hannunki a jikina.

Daga nan ke da Kawu sai gaisuwar Sallah da ta mutuwa. Ke kuma kika maida gonar nan kamar 'yar da kika haifa a tsufa. Kowace kaka sai kin sa an kawo miki damin farko tsakar gida kin murza zangarniya a tafin hannunki kin gani. Idan ta yi kyau ba kya cewa komai. Idan ba ta yi ba sai ki ce awakin sun yi ƙiwa bana, a ƙara musu harawa.

A ciwonki na ƙarshe kika sa aka kira liman, ga Baba a zaune. Kika ce kin ba yaron nan gonar gindin gawo kyauta, Hadiza kuma kin ba ta kayan ɗakinki, awaki kuwa a bar su a gidan, kada a raba. Sannan kika juya wajen Baba, ina tsugune a bakin ƙofa, kika ce, "Malam, ka gaya masa kada ya bari takin wani ya sauka a gonar nan."

Ba ki ce in yi karatu ba, ba ki ce kada in yi ba. Wannan kaɗai kika bar mini.

Tun daga lokacin kowace bazara ni nake share turken awaki, in ari jaki da mangala in kai da kaina. Ko ina makaranta a Kano ban taɓa fashi ba. Ranar Litinin abokaina su yi ta toshe hanci suna cewa bunsuru ya shigo aji, ni kuwa ko a jikina.

Da labarin Indiya ya bazu, masu ba da shawara suka yi mini yawa. Mai kemis ɗinmu ya ce idan na ƙi tafiya shi da kansa zai kore ni daga aiki, don ba zai zauna da sakarai a shago ba. Wani abokina ya ce in sayar da gonar, idan na dawo na zama babban mutum in sayi wadda ta ninka ta. Sauran ƙiris in mare shi. Wani ya ce in riƙa aiko da takin zamani daga can, sai ka ce ɗalibi mai cin tallafi ɗan kasuwa ne. Kuma kin san ƙasar nan, idan ta sha na buhu shi kaɗai ba ta riƙewa, dole mai noma ya haɗa da na gida, na gidan kuwa nasa ne.

Hadiza ta kira ni tana kuka tana cewa in tafi, wai da kina nan da kin sa ta gaya mini haka. Ban sani ba ko gaskiya ne. Ta ce mijinta zai noma mini. Mutumin kirki ne, amma daga Makoda zai riƙa zuwa? Kuma shi ma takinsa takin wani ne. Ta ce to a kai mata awakin ta riƙe. Na tuna mata cewa akuyar da ke turke a gidan miji, gonar miji take wa aiki. Ta bar maganar, don a gabanta kuka yi wancan rikicin na taki da Baba.

Sau nawa na rubuta a'a a waya in goge. Sau nawa na rubuta i in goge. Na rame, Inna. Ina ba mutane maganin ciwon kai, nawa kan kamar zai tsage.

Ana cikin haka Kawu Sale ya zo gida. Rabonsa da zaurenmu tun zaman makokinki. Ya tsufa, haƙoran gaba sun zube, rigar jikinsa ta ƙoɗe. 'Ya'yansa maza sun yi yawa, gonarsa idan aka raba musu kowa ba zai samu wurin shanya barkono ba, yawancinsu ƙwadago suke yi a gonakin mutane. Ya yi mini murna, ya sa albarka, ya yi doguwar addu'a har da ambaton sunanki. Da ya tashi tafiya yana laluben takalminsa da ƙafa, bai kalle ni ba, ya ce, "To gonar fa?"

Na ce ai ban ce zan tafi ba tukuna. Ya ce Allah ya sa alheri, ya fita. Raina ya ɓaci matuƙa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne na ji tausayinsa. Ban so in ji ba, amma na ji, don na san ba mugunta ce kaɗai take tura mutum gonar ƙanwarsa ba, har da bakunan da ke jiransa a gida.

Shi kuwa Baba ya yi gum. Na tambaye shi shawara a zaure, ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Na sake tambaya a hanyar masallaci, ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Na kai masa shayi na zauna na yi ta zagaye-zagaye ina kawo zancen gona, ya shanye ya miƙo mini kofin. Wallahi na ji haushinsa. Na ce a raina mutumin nan ko dai bai damu in tafi ba, ko bai damu da gonarki ba, tunda dama ba tasa ba ce.

Kin kuma san shi da awakin nan. Tun da jar ta cinye masa hular Sallah ya ɗaura yaƙi da su. Ɓarayi yake kiransu. Bai taɓa miƙa musu ko ɓawon rogo ba, kuma ya sha faɗa a gaban mutane cewa ba don maganarki ba da tuni sun ga kasuwar Tsanyawa.

Makon jiya aka kira mu Kano mu kai takardunmu a duba, har da mu da ba mu ba da amsa ba. Na yi 'yan kwanaki a can. Da na dawo na sauka daga bas na hau babur, muna kawowa daidai gonarki na ce wa mai babur ya tsaya.

Taki ne, Inna. Tsibi-tsibi, daga gindin gawo har gamba, an jera shi yadda muka jera wancan karon. Can a bakin hanya ga 'ya'yan Kawu biyu suna kora jakinsu, mangala a wofi tana reto.

Idona ya rufe. Ban yi musu magana ba, don na san idan na buɗe baki sai an kira mai unguwa. Na ce wa mai babur ya kai ni gida da sauri. Niyyata in ɗauko shebur in koma in kwashe takin nan kaf in watsar a kan hanya, kowa ya gani, ko da zan kai gobe ina yi. A hanya ina ta cewa a raina shi ke nan, an gama, ba inda za ni. Kwana kaɗan na yi ba na nan aka yi haka, ina ga shekaru.

Na shiga gida ban ko yi sallama ba. Na nufi bayan ɗaki inda shebur yake, sai na tsaya. An share turken awaki tas har ƙasa ta fito fara. Tarin toka da shara da nake ajiyewa tun kaka babu shi. Ga Baba a zaune a kan turmi, ya naɗe wando har gwiwa, ƙafafunsa da hannayensa baƙi ƙirin, shebur ɗin yana jingine a jikinsa. Yana haki.

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Jakin na kawunka ne. Takin na uwarka ne."

Na tsuguna a inda nake. A hankali ya ba ni labari, yana yi yana murza gwiwa. Ashe ranar da na tafi Kano ya aika aka kira Kawu. Shi da kansa ya riƙa lodin mangala, 'ya'yan Kawu suna kaiwa, bai yarda sun taɓa shebur ba. Da aka kusa gamawa ya sa aka ɗora shi a babur, ya kira liman da mai unguwa har bakin gonar, ya sa Kawu ya faɗa da bakinsa a gabansu cewa ko mangala ɗaya ba ta fito daga gidansa ba. Aka yi magana a kan cewa 'ya'yan Kawu za su noma, su ɗauki rabo mai tsoka da kaka, amma kowace bazara daga gidan nan taki zai fito, daga turken awakin nan, ba daga ko'ina ba. Duk ranar da na dawo, gona tana hannuna, babu mai cewa a jira shi ya ci wani abu.

Wai Kawu ya ji zafi, ya ce shi da ɗan ƙanwarsa har sai an kira shaidu? Baba ya ce masa wancan karon ma haka aka ce.

Na ce to wa zai kula da awakin? Da damina a ɗaure suke, sai an yanko musu ciyawa safe da yamma, a ba su ruwa, a dama musu dusa, da kaka a tara musu harawa a ɗora a kan rufi. Ya ce shi. Na yi dariya, Inna, don na ɗauka wasa yake. Bai yi dariya ba. Ya ce, "A gabana ta faɗa, ni ta ce in gaya maka. Muddin ina numfashi takin wani ba zai sauka a can ba."

Na kalli gwiwar da ta kumbura. Na kalli hannun da ya dafa shebur. Na ce, "Baba, idan kuma..." Ba a ƙarasa irin wannan magana a gaban uba. Amma ya gane. Ya ce, "To sai ka yi sauri ka gama karatun."

A ranar na aika musu da amsa. Na ce i.

Na zaci idan na aika zan ji sanyi a raina. Ban ji ba. Mutane suna ta zuwa yi mini murna, ina amsawa, ina murmushi, amma hankalina yana wurin Baba. A da gona kawai nake jin tsoron rasawa. Yanzu na ɗauki gonar na ɗora a kan gwiwar tsoho, na miƙa masa lauje, ni kuma zan hau jirgi. Ina tunaninsa da sassafe cikin raɓa, a duƙe a bakin gonakin mutane yana yankan ciyawa, mutumin da ko ruku'u sai ya dafa bango. Ya ce zai riƙa ba yaran unguwa ɗan abin alawa su taya shi. Na san yaran unguwarmu, kuma na san Baba, ba zai roƙi kowa sau biyu ba.

Kuma ban gama yarda da Kawu ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Shaidu suna mutuwa, suna kuma mantuwa. Wata shekara ciwo zai iya shiga awakin, taki ya yi kaɗan, wani ya ce bari ya ƙara mangala ɗaya don taimako. Daga ɗaya ake farawa. Idan hakan ta faru ina can wata ƙasa ina haddace sunayen magunguna, sai dai in ji a waya, idan ma an gaya mini.

Shi ya sa nake tambayarki, ko da na san ba amsa: na riƙe maganarki ne, ko na yi mata dabara? Kin ce kada in bari. Ba ki ce in samu wanda zai tsaya a madadina ba. Wani lokaci ina jin da kina nan da kin ce wa Hadiza ta gaya wa yaron nan ya zauna, ƙasa ba ta jiran kowa ya gama boko. Wani lokaci kuma ina tuna ke ce kika fito da kwando a ka cikin rana, kika yi abin da ba a saba gani ba don abin da kike so, ba ki nemi izinin masu zaure ba. Ban san wace Innar zan saurara ba. Dukansu ke ce.

Abu ɗaya na gane. Shekara da shekaru ina ganin Baba bai damu da gonar nan ba, har ina ƙullace da shi a kan tsamar da kuka yi. Ashe shi ma maganar nan tana zaune a ransa tun ranar da kika juya kika faɗa masa ita. Ni na ɗauka saƙo kawai kika ba shi ya isar. Shi ya ɗauka amana ce.

Jiya da safe na fito zan ba awaki dusa, na tarar ya riga ni. Ya cire hularsa ya rataye a ƙusar ƙofar ɗakinki kafin ya shiga wurinsu, kin ga dai ya koyi darasi. Yana riƙe da kwanon da kike dama musu, yana ƙoƙarin kwaikwayon irin kiran da kike yi musu da harshe, abin bai fita daidai ba. Sauran sun zo. Jar ta ƙi. Ta tsaya a ƙarshen igiyarta tana kallonsa, shi ma yana kallonta. Na ji yana ce mata ƙasa-ƙasa ta yi haƙuri, shi ma ba da son ransa ba ne, amma su biyun aka bar wa aikin. Na koma ɗaki da baya don kada ya ga fuskata.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, iska tana ƙamshin ruwa. An ce tafiyarmu sai bayan an yi shuka. Na gaya wa 'ya'yan Kawu su bar mini ta bana. Ni zan baza takin, ni zan sara da sungumi, ni zan zuba irin geronki in rufe da ƙafata. Noman fari ne zai same ni a wata ƙasa.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa wahalar da kika sha a kanmu ta zame miki nauyi a mizani. Allah ya shirya tsakanina da ɗan'uwanki, ya yalwata wa 'ya'yansa ta hanyar da ba sai sun kalli abin wani ba. Allah ya raya Ummi ta yi halinki. Allah ya tsare awakin nan daga ciwo. Allah ya ƙara wa Baba ƙarfin gwiwa da tsawon rai, ya sa idan na dawo na yi sallama a zaure, muryarsa ce za ta amsa. Idan kuma na yi kuskure a wannan zaɓi, ki yafe mini, Allah ma ya yafe mini. Amin.

Ba zan sa suna a ƙasa ba, don kada ki ji nauyin karantawa.

Ni ne,
yaron nan.